Gwanjon Ƙofar Gida

Ranar Asabar na fitar da shekara ashirin waje,
na jera ta kan tabarma a gindin dalbejiya,
nan Ƙauran Namoda, bayan tashar jirgi:
fanka, katifa biyu, akwatin ƙarfe,
rediyon da ya raka ni kwana da yawa,
keken ɗinkin Tasalla, da kwanukan da murfinsu ya ɓata.
Gidan ma'aikata ne, ritaya ta zo, an ce in tashi,
motar Jaɓɓi kuwa ba ta ɗaukar rabin abin da mutum ya tara.

Na farkon zuwa bai yi sallama ba.
Da ƙafa ya taɓa akwatin,
ya ce tsatsa ce kawai ke riƙe da shi.
Bawan Allah, in za ka taya, taya.
Kushe ba ya rage kuɗi, mutunci yake ragewa.
Cikin akwatin nan na zo garin nan da riga uku,
shi ne kujerata, shi ne teburina,
kafin albashi ya san hanyar gidana.

Mande maƙwabcina ya tsuguna, ya rage murya:
"Malam, lafiya? Ko bashi ne?"
Tambayi kuɗin katifa, Mande,
kada ka tambayi abin da ya fito da ita rana.

Wata tsohuwa, Inna Kulu, ita ta iya.
Ta gaishe ni, ta gaida gida, ta tambayi jikoki,
ta ɗaga kwano da hannu biyu kamar jinjiri,
ta ce ɗari uku.
Na ce albarka.
Ta ƙara hamsin, ta kwance bakin zane,
na ga iyakar abin da ke ƙullin ke nan.
Na sallama, na ɗora mata ludayi gyara.

Keken ɗinki ya daɗe a hannun Luba.
Ta juya, ta taka, mun yi ciniki ya faɗa,
ta ce in ajiye mata zuwa la'asar.
Ba ta ɓace da gani ba
sai ga mai farar mota, gilashi a rufe,
ya ce nawa, ya ce zai ninka.
Na ji harshena yana motsi shi kaɗai.
Tasalla ta yi gyaran murya daga zaure.
Na ce, Alhaji, an riga ka.
La'asar ta yi, Luba ta zo da kuɗin adashinta,
duk 'yan canji, suna warin daddawa.

Yanzu sai nawa laifin.
Nomau mai shayi ya ɗauki fanka,
ya sa a wuta, ta juya, ya yi murmushi,
ya biya bai ko taya ba.
Ni kuwa na san halinta:
sa'a guda take aiki, sai ta tsaya cak
har sai an mare ta a ƙeya.
Na sani, na ƙirga kuɗina, na yi shiru.

Tuwon dare ya ƙi wucewa.
Duk wa'azin da na yi wa mai taɓa akwati da ƙafa
ya dawo ya zauna mini a maƙogwaro.
Bayan isha'i na ɗauki tocila
na bi layin dogo har teburinsa.
Na tarar fanka tsaye, mutane na fifita da kwali.
Na ce, Nomau, ga kuɗinka, ko ga gaskiya, zaɓi ɗaya.
Ya yi dariya har ya zubar da madara,
ya ce nuna mini inda ake marin.
Na nuna. Ta tashi.
Na mayar masa da dubu ɗaya,
ya haɗa mini shayi mai kauri, ya ƙi karɓar ko sisi.

Rediyon dai ba wanda ya taya.
Yana kan cinyata a motar Jaɓɓi.